Naman da Malama Ba Ta Ci

Clarrie ya daina cin abinci a farkon Afrilu, lokacin da sanyi ya fara leƙowa da safe. Bai yi faɗa da kowa ba. Sai a ajiye masa faranti, ya dube shi kamar an ajiye masa takalmin wani, ya mai da fuska wajen taga. Ya shiga shekara ta biyu ke nan a gidan kula da tsofaffi na Broken Hill, tun ranar da mantuwa ta fitar da shi titi da almakashin askin tumaki a hannu, yana neman tumakin da aka yanka tun ina koyarwa. Ni kuma ina gida a Wilcannia, ni da kujerarsa. Allah bai ba mu haihuwa ba. Sau biyu a mako nake tuƙa tsohuwar motarmu in je in zauna gefensa, shi kuma ya dube ni da irin ladabin da ake yi wa baƙuwa. Rabon da ya kira ni Malama, sunan tsokanar da ya laƙaba mini tun muna saurayi da budurwa, har na daina lissafi.

Mai kula da abincin tsofaffin wata yarinya ce, Keeley, mai fara'a da saurin baki. Ita ta tare ni a baranda.

"Mama Merle, gara in faɗa miki gaskiya. Jininsa ya yi ƙasa, jikin kuma kina gani da idonki. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, jirgi zai kai shi babban asibiti a Adelaide, a sa masa roba ta hanci."

"In an kai shi, yaushe za a dawo da shi?"

Ban matsa mata ba, don na san amsar. Na raka mutanenmu da yawa filin jirgin nan, na kuma san a cikin me suke dawowa. Ga shi idona bai kai tuƙin Adelaide ba. In suka ɗauke shi, ni da shi sai a maƙabarta.

Ta ce, "Babu wani abin da yake mutuwar so a da? Irin wanda in ya ji ƙamshinsa zai waiwayo?"

Na ce, "Emu," wato ƙaton tsuntsun nan na dajinmu.

Sai ta tafa hannu kamar na ba ta amsar jarrabawa.

"Kai, Mama, ai kin gama magana! Naman ja ne kamar na shanu, amma ya fi na shanu sinadarin ƙarfe, wanda ke ƙara jini. Ga gina jiki. Kuma tsoka ce zalla, kitse kusan babu."

"'Yar nan, mutumin da ake ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga kike yi wa murnar nama marar kitse?"

Ta yi dariya. "In ya ci tsokar ma na gode Allah. Akwai masu kiwonsu a Victoria, zan sa a aiko miki. Amma ki ji ni da kyau: kasko ya yi zafi jau, ki juya sau ɗaya, ki sauke tsakiyarsa da sauran ja. In ya daɗe a wuta, kin ɓata."

Na ce to. A raina kuwa na ce ba a haifi wanda zai sa in ba mijina ɗanyen tsuntsu ba. Na yi fiye da shekara talatin a gaban allo, na ga yadda ilimi ke sauya riga. An sa na koya wa yara cewa ƙwai na toshe jijiya, daga baya aka sa na koya wa 'ya'yansu cewa ƙwai magani ne. Tun daga nan, duk maganar da aka faɗa mini da cikakken tabbaci sai na kife ta na duba ƙasanta.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa Keeley ba. Ni ban taɓa sa emu a baki ba. Kan gidanmu ne, ɗan'uwan zuri'armu da ba ma ci. A wajenmu ta uwa ake gadon kan gida: uwata 'yar emu ce, don haka ni ma. Su Clarrie 'yan kangaru ne, shi ya sa ma aure ya halatta tsakaninmu. In uwata ta hango garkensu a jikin shingen waya, manyan tsuntsayen nan masu kama da jimina, ba tashi sai gudu, gashinsu kamar jinkar da ta sha damina, sai ta ce, "Ga kawunnanku can, ku gaishe su." Ina yarinya na tambaye ta abin da zai same ni in na ci. Ta ce, "Ke kya ci ɗan'uwanki?" Na ce wannan ai ba amsa ba ce, wata tambayar ce. Na sha mari. Na je kwaleji, na yi karatu, na tabbatar wa kaina babu abin da zai same ni. Duk da haka ban ci ba. Kai ya yarda, hannu ya ƙi.

Mai gasa wa Clarrie emu tun fil azal yayarsa ce, Dulcie. In an kamo, dangi duk su hallara a bakin kogin Baaka, ita ce sarauniyar rami. Ni kuma a soya mini kifi, a haɗa mini da burodin da ake gasawa a toka, in koma gindin wata babbar bishiyar turare in zauna. Dulcie ba ta taɓa barina in ci cikin kwanciyar hankali ba.

"Malama! Ga kawunki ya nuna, ba kya zo ki yi masa sannu da zafi ba?"

"In na zo wa zai tsare miki kifin da kike sata a farantina?"

Ta rasu shekarar da kogin ya ƙafe har yara na ƙwallo a cikinsa. Tun daga nan ba a sake haƙa rami ba.

Naman Keeley ya iso a cikin leda, yanka biyu, ja har ya yi duhu, ko ɗigon fari babu a jikinsa. Na ɗauki ɗaya na yi masa yadda na saba yi wa tsohuwar tunkiya: albasa, dankali, ruwa, na bar shi a wuta tun hantsi har azahar. Da na buɗe tukunya, ya ƙanƙance ya koma rabinsa. Na soka cokali mai yatsu, cokalin ya lanƙwashe. Karen maƙwabcina ma sai da ya kwanta ya riƙe shi da ƙafa biyu kafin ya ci galaba.

Ɗayan na yi masa yadda yarinyar ta ce, ina yi ina tsaki. Ya fito da laushi, gefen cokali ma yanka shi yake. Ta yi gaskiya, na kuma faɗa mata a gaban abokan aikinta. Muka kai wa Clarrie mu biyu, kamar masu kai gaisuwa. Ya sunkuyo, ya shinshina, ya mai da fuska wajen taga.

A hanyar gida na tsaya a gefen titi, na buɗe kwanon na shinshina ni ma. Ƙamshin kasko ne kawai da ɗan ƙarni. Ba shi ne abin da iska ke kawo mini gindin bishiya ba. Wancan ƙamshin kitse ne da hayaƙi da ganyen turare. Emu ba ya cuɗa kitsensa da tsoka kamar shanu. A bayansa yake tara shi, ƙarƙashin fata, kamar bargo. Masu kiwo sukan yaye bargon nan su narka su sayar a kwalba don shafawa, su aiko wa mutane abin da ya rage suna yabon rashin kitsensa. Tsofaffinmu kuwa ba don tsoka suke wahalar bin sa ba.

Da na isa gida na kira Vince, ɗan Dulcie, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa. Kamun awakin daji yake yi da gyaran shinge.

"Inna Merle, ke? Emu? Ko dai mantuwar Kawu ce ta harbe ki?"

"Uwarka ma ba ta yi mini rashin kunya ta waya, sai ta zo gabana. Babba nake so, mai mai. Yanzu ne lokacinsu, kafin su shiga ƙwai su rame."

"To wa zai gasa? Ni fa ci kawai na iya. Mama ke yin komai, mu muna can muna ƙwallo sai a ƙwala mana kira."

"Duk haka kuke. Kun ci shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ɗaga kai daga faranti. Ni da ba na ci, me kake tsammani nake yi a gindin bishiya?"

"Gulmar mutane."

"Kallo, ɗan banza. Ka zo da shebur."

Ya zo da sassafe ranar Lahadi, tsuntsun a bayan a-kori-kurarsa, ƙafafun sun leƙo waje. Muka sauka bakin kogi, wurin da aka saba. Ciyawa ta rufe tsohon ramin, sai da na auna da ido daga bishiyata kafin na ce masa haƙa nan. Ya haɗa wuta da itacen turare, muka zuba duwatsu a ciki. Shi ya fige, shi ya babbake, ni ina tsaye hannuna a bayana kamar mai duba jarrabawa.

"A hankali da fatar nan. In ka yaga ta kitsen ƙasa zai sha, ba kawunka ba."

"To, Malama."

"Ba kai ke kirana haka ba. Ƙaramar kafa za ka yi, iya shigar hannu. Uwarka ba ta taɓa farke shi kamar akuya ba."

Ya fitar da kayan ciki, muka cusa duwatsu masu zafi da ganye. Da wuta ta zama garwashi muka shimfiɗa ganyen turare, muka kwantar da shi a kan ƙirji, bayansa a sama, don in bargon ya narke ya bi ta cikin tsoka. A nan na gane ashe maganar Dulcie da ta Keeley ɗaya ce: tsokar nan ba ta da abin kare kanta daga wuta. Ɗaya ta ce a gaggauta sauke ta, ɗaya ta lulluɓe ta da kitsenta. Ni ce dai na bi hanya ta uku, ta karen maƙwabci.

Muka rufe da ganye, da garwashi, da ƙasa. Kansa kawai muka bari a waje, wuyan ya fito daga ƙasa kamar tsiro.

"Wannan na tuna shi," in ji Vince. "In tururi ya fito ta baki, ya nuna." Ya dubi wayarsa. "Inna, babbar mota na jirana da awaki. In ya yi ki buga mini."

Ya tafi. Na koma gindin bishiyata, don ƙafata ba ta san wani wurin zama ba a nan.

Da can in ana jiran rami, ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya. Maza na gardamar wanda ya fi saurin askin tumaki, mata na yi musu dariya, yara na faɗawa ruwa ana kamo su. Ranar nan kuwa sai kukan hankaki can nesa da ƙarar ganye. Na lissafa waɗanda suka saba zama a kan gungumen can, na ga babu ko ɗaya da zan iya kira ta waya. Tsuntsun da ke isar mutum talatin muke gasawa saboda tsoho ɗaya da ba lallai ya buɗe baki ba.

Kan yana fuskantata. Ban taɓa kallon ɗayansu kusa haka ba. Ashe gashin ido gare su, dogaye. Ban san lokacin da na ce, "Sannu, Kawu," a fili ba. Na waiga da sauri don in ga wa ya ji ni. Da Dulcie na nan da ta yi shekara tana ba da labari. Babu kowa.

Rana ta hau, ta fara karkata. Na soma shakka, kamar yadda na saba. Wa ya ce tururi agogo ne? In ramin ya huce fa? In naman ya riga ya zama takalmi a ƙarƙashin ƙasa ni ina nan ina jiran gawa ta yi numfashi? Na tashi na ɗauki shebur, na ajiye. Ina ajiyewa na ga wani siririn farin abu na fita ta bakin, a hankali, kamar numfashin mutum da sanyin safiya.

Vince ya dawo ya tone. Ƙamshin ya bugi fuskata, sai da na dafa bishiya. Ya yago wani yanki ya jefa a baki yana hura iska, ya juya mini baya yana goge ido da wuyan riga.

"Hayaƙi ne," ya ce.

"Na sani."

Na yanki tsokar cinya, na haɗa da kitsen baya, ruwan ɗorawa shar, na naɗe kwanon da tawul na sa a kula. Na kama hanyar Broken Hill rana na dukan kaina.

Clarrie na zaune inda na bar shi, fuska a taga. Keeley ta biyo ni, ta tsaya a bakin ƙofa. Na buɗe kwanon. Hancinsa ya fara motsi. Ya juyo a hankali, ya dubi naman, sannan ya ɗago ya dube ni. Ba kallon baƙuwa ba ne wannan karon. Idonsa ya cika da sani.

"Yaya Dulcie," ya ce. "Kin daɗe."

Keeley ta buɗe baki za ta gyara masa. Na girgiza mata kai.

Na ce, "Wuta ce ta ƙi kamawa."

"Ke dai kullum da dalili."

Ya sa yatsu ya ɗauki kitsen tukuna, kamar yadda ya saba. Ya rufe ido. Mai ya gangaro gefen bakinsa. Ya kai hannu karo na biyu, sai ya tsaya, ya turo mini kwanon.

"Ci mana."

"Na ci a can."

"Ƙarya kike, bakinki a bushe yake. Yaushe kika fara ajiye mini abinci kamar kare, ke kina tsaye a kaina? In ba ki ci ba ni ma na ƙoshi."

Ya janye hannu ya ɗora a cinya. Na ga wuyansa ya fara komawa wajen taga.

Ina iya cewa, Clarrie, ni ce, Merle. Amma Merle ba ta ɗauko emu a kwano ta kawo wa kowa. Wannan ko mantuwa ba ta goge masa shi ba. In na faɗa, zai rasa wadda ke gabansa, kwanon kuma ya koma takalmin wani, jirgi ya zo.

Na ja kujera na zauna. Na ɗauki yanki ɗaya, tsoka da ɗan kitse a jikinta. Hannun da ya ƙi tun ina yarinya, ranar nan ya kai.

Laushi gare shi. Ya yi kama da naman shanu, sai dai ya fi shi zurfin ɗanɗano, da hayaƙi, da ɗan ɗacin ganye. Kitsen ba ya kama dasashi, kafin ka tauna ya narke. Daɗi gare shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na haɗiye na jira. Rufi bai faɗo ba, cikina bai juya ba. Kamar yadda na faɗa wa uwata, babu abin da ya same ni. Na yi gaskiya, kuma duk duniya babu sauran mutum ɗaya da zai mare ni a kai. Wannan ne ya tsaya mini a maƙogwaro, ba naman ba.

"Yauwa," in ji Clarrie. Ya jawo kwanon.

Ya ci. Yana ci yana miƙo mini, ina karɓa. Keeley ta fita a guje, na jiyo ta tana kiran ma'aikaciyar jinya ta zo ta gani. Da ya kusa cinye rabi sai ya matso, ya rage murya kamar mai tsoron a ji.

"Kin soya wa Malama kifinta?"

Na ce, "Zan soya."

"Kada ki manta. Tana can gindin bishiya ita kaɗai. Ba za ta tambaya ba, girman kai gare ta." Ya lashe yatsa. "Kuma ki rage tsokanarta, Yaya. A gabanki tana yi kamar ba ta damu ba, ni ke shan sauran a gida."

"Ai ita ma bakinta ba ya mutuwa."

Ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita. "Bakin ne kawai. Duk surutun bokon nan nata, ko sau ɗaya ba ta taɓa sa shi a baki ba. Ta fi mu riƙo, ni na sani."

Na ce, "Haka ne."

Maganar Adelaide aka ɗaga ta zuwa wani mako, daga nan aka sake ɗagawa, har aka daina yin ta. Sauran naman na rarraba shi a firiza, kowane ƙulli da kitsensa. In na je yanzu, da kwano a hannuna nake shiga, ya ce Yaya kin daɗe, in ce wuta ce. Mu ci tare. Wani lokaci in tambaye shi labarin Malama, ya ba ni, har da abubuwan da bai taɓa faɗa mata ba. Ranar da na gwada shiga hannu wofi, ladabin baƙuwa ya yi mini. Ban sake ba.

Amma a ranar farkon nan, na iso gida rana na shirin faɗuwa. Akwai kifi ɗaya a firiza, cikin waɗanda Vince ya kamo mini. Na soya shi, tun da an ce kada in manta. Na sa a faranti na sauka bakin kogi. Ramin na nan a buɗe, tokar da sauran ɗumi. Na zauna a gindin bishiyar na fara ci. Leɓena da sauran mai, don haka kifin ma ɗanɗanon emu ya yi. Na cinye shi duka, don babu mai satar mini a faranti.